Yadda Za A Tsare Injin Markaɗen Dutse Daga Tsatsa

An shirya wannan ɗan littafi domin masu injin niƙa dutsen ma'adinai, da yaran inji, da makanikai, da shugabannin ƙungiyoyin masu haƙar zinariya na ƙauyukanmu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, don maganar da ke ciki ta shafi aljihun mai inji, ta kuma shafi lafiyar 'ya'yan kowa.

MAFARIN MAGANA

A cikin shekarar 2010 wata masifa ta auku a Jihar Zamfara. Yara ƙanana suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da likitocin ƙungiyar MSF da hukumomin lafiya suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa niƙa shi a bushe a cikin gari, da irin injin da a ke niƙa hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida da ɗakunan kwana, yara suka shaƙa, suka kuma haɗiye ta daga hannuwansu. Yaran da suka rasu sun kai 400. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Darasi biyu aka koya daga wannan rashi. Na farko, a fid da aikin dutse daga cikin gari. Na biyu, a bar niƙa shi a bushe, a koma markaɗe. Kowace mace ta san bambancin niƙa da markaɗe. Wadda ta kai dawa inji ta kan komo da gari har a girarta, wadda kuwa ta kai jiƙaƙƙen wake ba ta ganin ƙura ko kaɗan. Haka abin ya ke ga dutse. Wani gwaji da aka yi a Jihar Neja, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa yin aikin dutse da ruwa ya rage ƙurar dalma da ma'aikata ke shaƙa da kashi 95 cikin 100.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ruwa da baƙin ƙarfe ba sa ga maciji da juna. Mai injin da ya koma markaɗe ba ya daɗewa sai ya ga ƙarafan cikin injinsa suna saurin cinyewa, notuna suna cijewa, boris yana ƙara, ganga tana yoyo. In bai san dalili ba, sai ya ce markaɗe asara ne, ya koma gidan jiya. Gaskiya ne niƙa a bushe bai kai markaɗe cin ƙarfe ba. Masana'antun siminti irin na Sakkwato da Ashaka a bushe su ke niƙa simintinsu, amma suna da manyan na'urori masu tace ƙura, waɗanda mai inji a ƙauye ba shi da su. Ƙarfe in ya cinye ana sayen wani. Yaron da dalma ta taɓa ƙwaƙwalwarsa kuwa ya kan zauna da lahanin har iyakar ransa. Saboda haka markaɗe ya zama tilas, abin da ya rage shi ne mu san yadda za mu yi da tsatsa.

MECE CE TSATSA?

Ba a samun baƙin ƙarfe tsantsa a cikin ƙasa. Maƙeran dā sun san haka, don tama su ke haƙowa su zuga ta da gawayi har ƙarfe ya fito. Ita tama ƙarfe ne da ya haɗe da wani sashe na iska wanda masana ke kira oksijin, wanda ya ke kashi 21 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa. Wuta ce ke raba su. Daga ranar da aka raba su kuwa, ƙarfen nan neman komawa asalinsa ya ke yi, kuma komawar tasa ita ce tsatsa.

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun gamu, watau ƙarfe da ruwa da iska. In aka hana ɗaya daga cikinsu zuwa, sauran biyun ba su da abin yi. Muguntar tsatsa kuwa ita ce ba ta rufe ƙarfe ta tsare shi. Tukunyar alminiyam ita ma ta kan haɗu da iska, amma 'yar fatar da ta ke yi mannewa ta ke yi sosai ta hana ɓarna shiga ciki. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa kumbura ta ke yi, ta ɓanɓare, ta riƙe damshi kamar soso, ɓarna ta yi ta nitsawa.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi. A sami kwalabe biyar da sababbin ƙusoshi biyar, a goge su da samfefa har su yi ƙyalli. A sa ta farko cikin busasshiyar kwalba a toshe. A sa ta biyu cikin ruwan da aka tafasa sosai, don tafasawa na korar iskar da ke cikin ruwa, sa'an nan a zuba man gyaɗa a bisa don kada wata iska ta shiga. A sa ta uku cikin ruwan rijiya a bar kwalbar a buɗe. A sa ta huɗu cikin ruwan gishiri, ita ma a buɗe. A sa ta biyar cikin ruwan ƙonanniyar farar ƙasa. Bayan mako guda a duba. Za a tarar ta farko da ta biyu da ta biyar suna nan kamar yadda aka sa su, ta uku da ta huɗu kuwa sun yi jawur. Duk abin da za mu faɗa nan gaba yana cikin kwalaben nan biyar.

Kada kuma a raina abin. A 2016 ƙungiyar masana lalacewar ƙarafa ta NACE ta ƙiyasta cewa asarar da duniya ke yi ta wannan hanya ta kai dalar Amurka biliyan 2,500 a shekara, kuma ana iya tsare kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na asarar da dabarun da aka riga aka sani.

ABIN DA YA SA TA FI ƁARNA A CIKIN INJI

Injin da a ke aikin dutse da su iri iri ne. Akwai mai muƙamuƙi wanda ke farfasa manyan duwatsu, akwai mai hama, akwai mai manyan tayoyin ƙarfe da ke zagaya cikin kasko, akwai kuma mai ganga, wanda a ke zuba wa ƙwallayen ƙarfe da dutse da ruwa ya yi ta juyawa har dutsen ya zama ƙullu. Ko wane iri ne, in dai da ruwa ya ke aiki, abu huɗu ne ke taimakon tsatsa a cikinsa.

Na farko gogayya. Ƙarfen da ke ajiye wuri ɗaya, tsatsar da ta fara rufe shi ta kan ɗan rage saurin ta bayanta. A cikin inji kuwa dutse kankare ta ya ke yi nan take, ya bar sabon ƙarfe a fili, ya yi wata tsatsa, a sake kankarewa. Tsatsa na gyara wa gogayya hanya, gogayya na gyara wa tsatsa, har ɓarnar da su ke yi tare ta fi wadda kowace za ta yi ita kaɗai. A manyan injuna gogayya ce ta fi cin ƙarfe, amma rabon tsatsa ya kan ƙaru gwargwadon munin ruwa da irin dutsen da a ke markaɗawa.

Na biyu irin dutsen. Sau da yawa dutsen zinariya ya kan zo tare da ma'adinai masu farar wuta a cikinsu. Ɗaya shi ne dutsen nan mai ƙyalli kamar zinariya wanda ke ruɗin sababbin mahaƙa, masana na kiransa fairait. Wani kuma shi ne dutsen tozali, wanda dalma ce haɗe da farar wuta. Don a gane ɓarnarsu, a tuna da batirin tocila. In aka fasa shi za a ga baƙin sanda a tsakiya, da wani abu mai damshi kewaye da shi, da kwanon tutiya a waje. Muddin batir yana ba da wuta, kwanon tutiyar nan ne ke cinyewa, shi ya sa tsohon batir ya kan huje ya yi yoyo. To, a cikin ganga, fairait shi ne baƙin sanda, ƙullu shi ne abin damshin, ƙwallon ƙarfe kuwa shi ne kwanon da ke cinyewa. Duk sa'ad da suka taɓa juna, wata 'yar wutar lantarki da ba a ji ta kan gudana, ƙarfe ya narke kaɗan kaɗan.

Na uku tsami. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In fairait ya daɗe yana shan iska da ruwa, farar wutar da ke cikinsa ta kan juye ta zama asid irin na ruwan batirin mota, ko da ya ke bai kai shi ƙarfi ba. Shi ya sa ruwan da ya kwanta a tsohon ramin haƙa mai irin wannan dutse, ko wanda ya tsatso daga tsohon tulin dutse, ya kan yi tsami, wani lokaci ya bar jan shafi a bisa duwatsun da ya bi. Irin wannan ruwa dafi ne ga inji.

Na huɗu gishiri. Ruwa mai gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar wutar lantarki, saboda haka ya kan ƙarfafa batirin nan da muka ambata. Ban da haka, gishiri ya kan sa tsatsa ta taru wuri ɗaya ta yi ta haƙa ƙananan ramuka kamar zanzana. Ƙarfe yana iya zama da kauri ko'ina, amma rami ɗaya ya huda shi.

A FARA DA RUWA

Ruwan da a ke zuba wa inji shi ne abu na farko da mai inji zai duba. Akwai wani ma'auni na tsami da a ke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya kasa 7 mai tsami ne, kamar ruwan lemun tsami da ke wajen 2. Abin da ya haura 7 ya shiga dangin kanwa da ruwan toka. Ana sayar da 'yar takardar gwaji wurin masu kayan gwajin asibiti da na makarantu. Tsoma ta a ke yi cikin ruwa ta sake launi, a gwada launin da lambobin da ke jikin kwalinta.

Masana sun daɗe da gane cewa in ruwa ya kasa lamba 4, ƙarfe ya kan narke da sauri ainun. Daga 4 zuwa wajen 10 cin ya kan tafi kusan bai ɗaya. In ya haura 10 kuwa sai ya ragu ƙwarai, don ƙarfe ya kan yi wata siririyar fata mai tsare shi. Wannan ne dalilin da ya sa rodin da ke cikin kankare ya kan shekara da shekaru bai yi tsatsa ba, alhali ɗan'uwansa da aka yar a waje damina ɗaya ta ishe shi.

Abin da manyan masana'antu ke zubawa don kashe tsami shi ne farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa, wadda 'yan kasuwa ke kira laim. Ɗanyen dutsen farar ƙasa yana rage tsami, amma ba ya ɗaga ruwa ya wuce wajen lamba 8. A dama laim ɗin cikin bokiti, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan a tankin ruwa ana gwadawa da takarda, har ƙullun da ke fitowa daga inji ya kai wajen 10. Kada a zarce, don in ya yi yawa ya kan daskare cikin bututu da famfo ya toshe su. Kada kuma a ce za a musanya shi da kanwa don ta fi sauƙin samu, domin kanwa ta kan zo gauraye da gishiri, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Laim yana ƙona fata, yana kuma makantarwa, saboda haka mai damawa ya sa safar roba da tabarau. Wanda ke ware ma'adinansa da magunguna bayan markaɗe ya nemi shawarar masani tukuna, don laim ya kan sake yadda waɗansu magungunan ke aiki.

Yana da kyau a riƙa tara ruwan da aka yi aiki da shi a rami ya kwanta a sake amfani da shi, don tattali da kuma tsare rafi. Amma a sani cewa duk zagayen da ya yi, rana na shanye wani sashe, gishirin da ke ciki na ƙara kauri. A riƙa ƙara masa sabon ruwa, a kuma riƙa gwada shi kowane mako.

ZAƁEN ƘARFE

Ƙarfe suna ne ya tara. A 1882 wani Bature mai suna Robert Hadfield ya ƙera wani ƙarfe a birnin Shefil na Ingila, wanda ya gauraya da manganis wajen kashi 12 cikin 100. Halinsa shi ne, yawan dukansa yawan taurin fuskarsa. Shi ya sa har yanzu da shi a ke yin muƙamuƙin injin fasa dutse. Amma ba ya tsare kansa daga tsatsa, kuma inda babu duka mai ƙarfi sai guga kawai, ba ya nuna ƙwazonsa.

A 1913 kuma, a wannan birni dai, Harry Brearley ya gano cewa in aka zuba kuromiyam da yawa cikin ƙarfe ba ya tsatsa. Daga nan aka sami ƙarfen da a ke yin cokula da wuƙaƙen tebur, wanda kuromiyam ɗinsa ba ya kasa kashi 10.5 cikin 100. Ya dace da rariya da ƙananan kayan famfo, amma yana da tsada, kuma ruwa mai gishiri ya kan yi masa zanzana. Don ganga kuwa ana yin ƙwallaye na zubi masu kuromiyam da yawa. Sun fi na baƙin ƙarfe tsada, sun kuma fi su jure guga da tsatsa, musamman inda dutse ke da farar wuta. Aibinsu shi ne sun fi saurin fashewa in dukan ya yi tsanani, don haka kada a juya ganga da su babu dutse a ciki. Masu yanka tsohon rodi su zuba a madadin ƙwallo su tuna cewa araha ba ta ado. Rodi ƙarfe ne mai taushi, ya kan ƙare da wuri, garinsa kuma ya kwanta tare da zinariya a ƙasan kwano ya ƙara wa mai wanki wahala.

Tun cikin shekarun 1960 a ke yi wa gangunan markaɗe shafi na roba mai kauri maimakon na ƙarfe. Roba ba ta tsatsa, tana kuma rage ƙara, amma mai da zafi da manyan duwatsu masu kaifi suna lalata ta. Wanda shafin gangarsa na ƙarfe ne, ya shimfiɗa roba tsakanin shafin da jikin ganga, ya kuma sa wa kowane noti washa ta roba. Dalili kuwa, in ƙullu ya sami hanya ya shiga bayan shafi, can zai yi ta cin jikin ganga a ɓoye. Shafi abin sakewa ne, amma jikin ganga shi ne injin. Notin da aka ga yana ɗiga a ɗaure shi ran nan, kada a ce sai gobe.

A kuma kiyaye haɗa ƙarfe iri biyu a wuri mai ruwa, don su ma batir su ke zama. In jan ƙarfe ko tagulla suka taɓa baƙin ƙarfe, baƙin ne ke cinyewa. In aka ɗaure faffaɗan ƙarfe marar tsatsa da ƙananan notuna na baƙin ƙarfe, notunan ba za su daɗe ba. Tutiya kuwa ita ce ke ba da kanta ta fanshi baƙin ƙarfe, shi ya sa a ke shafa ta a kwanon rufi da bokiti. Inda haɗin ya zama tilas, a raba su da roba.

SA'AD DA AKA TASHI DAGA AIKI

Ɓarna mai yawa da dare a ke yin ta, sa'ad da inji ke tsaye da ƙullu a cikinsa. Saboda haka kafin a kashe inji a daina zuba dutse, a bar shi ya fid da abin da ke ciki, a bi da ruwa mai tsabta har ya fito garau. Sa'an nan a tsiyaye ruwan sarai, a buɗe murfi iska ta busar da cikin. A wanke famfo da bututu da rariya, kada a bar laka ta bushe a kansu, don ƙarƙashin laka ne zanzana ke farawa.

In za a daɗe ba a yi aiki ba, kamar lokacin da ma'aikata suka koma gona da damina, a kwashe ƙwallaye a shanya su, a ajiye su a busasshen wuri bisa katako. In aka bar su cikin ganga da sauran ƙullu, tsatsa da laka su kan manne su su zama curi guda. Ran da aka ta da inji, curin nan ya kan bi ganga ya hau sama ya faɗo gaba ɗaya, yana iya tsaga ganga ko ya lanƙwasa shaf. Duk gangar da ta daɗe a tsaye, a fara juya ta a hankali a tabbata kayan cikinta suna zubowa, kafin a ba ta wuta. Kowane mako kuma a ɗan juya shaf da hannu don giris ya zagaye boris.

Akwai kuskure guda da ya kamata a guje masa. Kada a shafa baƙin mai ko giris a cikin ganga, ko a ƙwallaye, ko a duk inda dutse ke bi, da nufin hana tsatsa. Maiƙo ya kan sa ƙananan ƙwayoyin zinariya su taso bisa ruwa su bi shi su tafi, a tsare ƙarfe a zubar da abin da aka fito nema.

JIKIN INJI DAGA WAJE

A busasshiyar iska ƙarfe ba ya tsatsa sosai. Sai damshin iska ya haura wajen kashi 60 cikin 100 ta ke kama shi da gaske. Watau a ƙasarmu damina ce lokacin ɓarna, rani kuwa lokacin gyara. A girka inji bisa dandamalin kankare da ya ɗara ƙasa tudu, a yi masa magudana don kada ruwa ya kwanta a gindinsa, a yi masa rumfa. Kada a naɗe shi ruf da leda ko tamfol, don raɓa ta kan taru a ciki. A rufe sama a bar gefe iska ta riƙa ratsawa.

Fenti ba ya zama a cikin inji, amma a waje shi ne babbar garkuwa. Sirrinsa yana wurin shiri. A kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, a bari ya bushe sarai. A fara da fentin ƙasa, irin jan nan na ƙarfe ko mai tutiya, sa'an nan a bi da shafi biyu na fentin sama, kowane ya bushe kafin a sa na bayansa. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa rufe ta kawai ya yi, tana nan tana aikinta. A zaɓi ranar da babu raɓa, babu kuma ƙurar hunturu. A tambayi mai kanti a tabbata fentin ba shi da dalma, don akwai wani tsohon jan fenti na ƙarfe da a ke yi da ita. A fi lura da bakin walda da kusurwoyi da gindin ƙafafu, kuma duk inda fenti ya ƙwarzane a gyara nan da nan, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Boris kuwa ba shi da maƙiyi kamar ruwa da ƙura. A riƙa ɗura masa giris bisa ƙa'idar da maƙerin injin ya faɗa, a goge bakin kafin a ɗura, kada kuma a fesa masa ruwa kai tsaye wajen wanki. In aka ga giris ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a wanke a sake sabo a duba robar da ke toshe bakinsa.

A RIƘA RUBUTAWA

Kowane mai inji ya ajiye littafi. A auna nauyin ƙwallaye ran da aka zuba su, a riƙa rubuta yawan dutsen da aka markaɗa, bayan wata guda a sake aunawa. Ga misali. In an zuba kilo 100, aka markaɗa tan 20 na dutse, aka tarar saura kilo 85, to, kilo 15 ya tafi, watau giram 750 a kowane tan. A wata na biyu a fara sa laim, ko a sake ruwa, ko a gwada waɗansu ƙwallaye, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan a sake lissafi. Ta haka mai inji zai san abin da ya yi masa amfani da irin dutsensa da irin ruwansa, ba sai ya dogara da zaƙin bakin mai talla ba.

GARGAƊI GA MASU GYARA

Lakar da ke jikin injin dutse da ruwan da aka wanke shi da shi suna iya ɗauke da dalma. A jiƙa wuri kafin a kankare shi, a rufe hanci da baki da abin tace ƙura. Ruwan wanki ya tafi ramin da aka tanada, nesa da rijiya da rafi, a kuma kewaye ramin don yara da dabbobi. Mai gyara ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida. Kada a niƙa abinci da injin da ya taɓa niƙa dutse, kada kuma a mai da tsohuwar gangarsa mazubin ruwa ko hatsi.

Wani haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsatsa shan oksijin ta ke yi. Babbar ganga ko tankin ƙarfe da ya daɗe a rufe da damshi, iskar cikinsa ta kan rasa abin da ke riƙe rai, ba kuwa wari ko alama. Mutum ya kan shiga ya faɗi sumamme. A buɗe kowace ƙofa a bar iska ta ratsa sosai kafin a shiga, wani ya tsaya a waje yana lura, a kuma kashe inji a cire makullinsa, wanda ya shiga ya riƙe shi a aljihunsa.

KAMMALAWA

Jama'a, yawancin abin da aka faɗa a littafin nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Takardar gwaji da buhun laim da gwangwanin fenti da ɗan lokacin wanke inji kowace yamma, duka ba su kai kuɗin sabuwar ganga ba. Shugabannin ƙungiyoyi su tara mutanensu su yi gwajin kwalabe biyar a gabansu, su ƙara ta shida da ruwan da su ke aiki da shi, kowa ya gani da idonsa. Wanda ya ga maƙwabcinsa na shirin komawa niƙa a bushe saboda tsatsa, ya nuna masa hanya, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin ma'adinai na jiharsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a sana'armu, amin.